Yadda ake koya wa yaro namiji hawa fo ya daina yi a wando

Famfas yayi tsada, wannan ba sai an faɗa ba, kuma in za'a faɗi gaskiya yawancin masu gaggawar raba yaro da shi ba yaron ne ya shirya ba, aljihun babansa ne ya gaji. Ba laifi bane, amma ki sani in kika fara kafin lokaci aikin da zai ɗauke ki 'yan satittika sai ya koma wata da watanni kuna ta fama, ke kina faɗa shi yana kuka ga wanki ya miki yawa. Don haka kafin ki aika a siyo fo ki duba yaron naki tukunna.

Likitocin yara sun ce yawancin yara suna fara nuna alamar shiri ne daga wata 18 zuwa shekara 3, kuma maza sukan ɗan fi mata jinkiri da 'yan watanni, toh kar hankalinki ya tashi don 'yar maƙociyarki da aka haife su wata ɗaya ta daina yi a wando, shi kuma yana nan jiya iyau. Nasan me kakarsa zata ce, "mu tun kuna wata uku muke ɗora ku a ƙafa". Gaskiya ta faɗa kuma dabara ce mai kyau, uwa ta zauna ta miƙe ƙafafu ta haɗe su, ta zaunar da jinjiri tsakanin ƙwaurinta yana kallonta tana masa "sssss" har yayi. Sai dai a wannan lokacin uwar ce ta haddace lokacinsa, shi bai iya riƙewa ba tukunna. In kin saba masa da hakan tun yana jinjiri kin rage wa kanki aiki sosai don bazai ji tsoron zama ba, in kuma ɗan famfas ne tun daga ranar suna toh daga tushe zaku fara.

Alamomin da zaki duba ba boyayyu bane. Famfas ɗinsa yana kai awa 2 a bushe, ko ya tashi daga baccin rana ki taɓa ki ji babu komai. Yana tafiya da kyau yana iya zama ya tashi da kansa, yana iya jan wandonsa ƙasa ko da ke zaki ƙarasa masa. In kika ce "ɗauko min takalminka" ya fahimta ya ɗauko. In yayi kashi yana damuwa, yana jan famfas ɗin ko yazo ya tsaya a gabanki yana buɗa ƙafa. Sai babbar alamar da tafi kowacce, wato ɓuya, zaki ga yana cikin wasa ya tsaya cak, ya lallaɓa bayan ƙofa ko bayan kujera ya tsuguna fuskarsa ta ɗaure yana nishi ƙasa-ƙasa. Wannan yaron ya riga ya san abin yana tafe kafin yazo, wurin yi kawai ya rage ki nuna masa. Ba sai duka alamomin sun cika ba, in kinga yawancinsu bismillah.

Sai zaɓen lokaci, wanda mutane da yawa basa kulawa da shi. Kar ki fara satin da kika yaye shi, ko kina dab da haihuwa ko an kawo masa ƙani, ko ana shirin tashi daga gida ko tafiyar Sallah garinku, ko yana zazzaɓi ko gudawa. Haka in ana shirin yi masa kaciya ki bari ayi ya warke sarai tukunna, don in ya haɗa zafin fitsari da fo a ransa kin shiga uku, da ya hango fo ɗin zai fara ihu. A ganina lokacin zafi yafi sauƙi, Maris zuwa Mayu haka, yaro zai iya yini da 'yar singileti da ɗan wando kawai kuma wanki kafin ki juya ya bushe. Cikin hunturu kuwa ga wando biyu ga safa ga rigar sanyi, kafin ki cire masa duka ya gama, ga ruwan tsarki kamar ƙanƙara.

Kayan aiki ba yawa. Fo mai faɗin gindi wanda bazai kife ba, kuma tunda namiji ne ki nemi mai ɗan tudu a gaba don shi ke tare fitsari, in ba haka ba yana zaune akan fo zai tsilla miki shi a tayil. Wanduna masu roba a ƙugu guda da yawa na gwanjo ma sun isa, banda jins mai zif da maɓalli, zif yakan datse wa yara maza fatar gabansu musamman in babu ɗan kamfai a ciki, kuma doguwar jallabiya ki ajiye ta sai ranar Juma'a. Ƙaramar buta tasa ta kansa, sabulu, silifas, da leda ta shimfiɗawa ƙarƙashin zanin gado.

Matakin farko: ki lura, ki saba masa

Kwanaki kaɗan kafin ki cire famfas ki zuba masa ido kawai. Yaushe yake kashi? Yawancin yara suna da lokacinsu, kuma galibi bayan cin abinci ne da kamar minti 15 zuwa 30, saboda da abinci ya sauka a ciki hanji yake motsawa ya turo na baya. Kenan in yana shan kunu ko koko da safe, ga lokacinki nan kyauta.

A waɗannan kwanakin ki ajiye fo ɗin inda yake gani, ya zauna a kai da wandonsa ma ba komai, ya ɗora motar wasansa, ya saba dai. In yayi kashi a famfas ki juye a fo ɗin yana kallo ki ce "kaga inda kashi yake zama", sannan ku tafi tare ku zubar a bandaki. In yana da yaya ɗan shekara 4 ko 5 ki barshi ya ga yayan yana hawa, yara maza akwai son kwaikwayon na gaba da su, abin da kika yi sati kina bayani sai ya ɗauka a wuni ɗaya.

Ku tsayar da kalma ɗaya a gidan. In tutu ne tutu, in kashi ne kashi, in fo ne fo. Kuma duk wanda yake taɓa yaron ya san an fara, babansa, goggonsa, 'yar aiki, abokiyar zamanki in gida ɗaya kuke, har kaka. Ba zai yiwu ke kina cire famfas ba kina fita unguwa 'yar aiki ta maida masa don kar ya ɓata mata shara.

Mataki na biyu: ranar cire famfas

Ki zaɓi kwanakin da babu inda zaki, ki naɗe kafet ki ɗauke sallaya daga ƙasa, in akwai tsakar gida mai siminti ku yini acan. Da ya tashi da safe kafin komai ki kai shi fo, don mafitsara a cike take a lokacin kuma nan ne kika fi samun sa'ar farko. Daga nan ki sa masa wando zalla. Ki sani zai jiƙa, kuma jiƙewar tana cikin karatun, famfas na zamani yana shanye fitsari har yaro baya jin ya jiƙe, sai yaji ɗumi yana bin ƙafarsa ya kalli ƙasa sannan zai gane abin da yake ji a mara shi ke kawo wannan.

Ki riƙa kai shi fo duk bayan awa ɗaya da rabi zuwa awa 2, da bayan cin abinci, da kafin bacci da bayan ya tashi, da kafin ku fita. Kar ki tambaye shi "zaka yi fitsari?" don a'a zai ce ko da kuwa yana matse ƙafa yana rawa, ki ce "taso muje fo" shikenan. Zaman kar ya wuce minti 3 zuwa 5, yayi ko bai yi ba ki ɗaga shi ba tare da ɓata rai ba. Masu barin yaro rabin awa akan fo da waya a hannu yana kallon katun, wallahi ba fo yake koya ba kallo yake, ƙafarsa ta sage a banza. Ki zauna kusa da shi kuna hira, in fitsarin yaƙi zuwa ki ɗan tsiyaya ruwa daga buta yaji ƙarar.

Kar ki rage masa ruwa da rana wai don kar ya jiƙa wando, ki ƙara masa ma, yawan fitsarin shi ne yawan gwajin. In yayi a fo ki tafa masa ki masa kirari, a faɗa wa Baba in ya dawo, wannan ya wadatar, in kika fara biyan alawa duk fitsari ɗaya sai ya koyi ɗiga miki kaɗan-kaɗan yana miƙo hannu.

Maganar tsayuwa da zama

Ki fara masa da zama, fitsari da kashi duka. Dalili shi ne a wannan shekarun biyun sukan zo tare, in ya saba fitsari a tsaye sai kashin ya ƙi samun wurin zuwa, ya koma yinsa a wando. Ki nuna masa ya buɗe cinya ya danna gabansa ƙasa da yatsa ya kalli cikin fo, zaki maimaita wannan har ki gaji amma zai kama. A gidan musulmi ma dama tsugune ake so ya saba don gudun fantsalin fitsari a jiki da tufafi, kinga kin jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Nan babansa yana da aiki, Alhaji kar ka ce wannan harkar mata ce, ka riƙa raka shi kana nuna masa yadda ake tattare riga a tsuguna, musamman in kun fita tare. In kuma bandakinku na zama ne kuma ya fara gwada tsayuwa, a kula da murfin nan kar ya faɗo masa akan gaba, yana faruwa kuma rauni ne mai zafi.

Daga fo zuwa bandakin manya kar kiyi sauri. In na zama ne ki sa masa ƙaramin mazaunin yara a kai da ɗan benci da zai taka, don in ƙafarsa tana lilo a sama bazai iya yunƙuri ba kuma tsoron faɗawa yake. In masai ne irin na rami toh kar ki taɓa barinsa ya shiga shi kaɗai, ramin ya zama da murfi kullum, yara suna zurma ƙafa suna jefa takalmi, ga duhu ga kyankyasai, yaro da yawa ba ƙiwuya yake ba tsoron ramin yake. Ki ajiye fo ɗin a bakin ƙofar bandakin tukunna, daga baya a ciki, a hankali har ya saba. Kuma kar a bar bokiti cike da ruwa a inda zai shiga, ɗan wannan shekarun in ya leƙa ya kifa ciki da ka baya iya fito da kansa. Su Hypo da Izal a ɗaga su sama.

Tsarki ke zaki riƙa masa har ya kai kamar shekara 4 ko 5, amma tun yanzu ki riƙa ba shi buta a hannun dama kina nuna masa hagu ce ke wankewa. In ba'a masa kaciya ba tukunna ki wanke waje kawai, kar ki ja fatar baya da ƙarfi, a ƙananan yara manne take kuma da kanta take sakewa, in kika tilasta zaki yaga masa. Bayan an gama a wanke hannu da sabulu, ke da shi, kowane zuwa. Addu'ar shiga da shiga da ƙafar hagu da "gufranaka" in an fito ki riƙa faɗa a bayyane yana ji, ba sai kin zaunar da shi hadda ba.

Kashin fo kuma a bandaki ake juye shi. Mutane suna ganin kashin yaro ba komai bane sai a watsa a kwata ko bola ko bayan katanga kaji suna tonawa ƙuda suna hawa, alhali ƙwayoyin cutar da ke kawo gudawa da kwalara da tsutsar ciki suna nan cike a cikinsa. A 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Najeriya da ta rabu da yin bahaya a fili, toh wanda ya juye fo a kwata shima bahaya a fili yayi, da hannu kawai ya kai. Ki wanke fo ɗin da omo ki kife a rana.

In ya saki a wando

Nan ne yawancinmu muke ɓata aikin. Kin gama wanke falo, kin tambaye shi yanzun nan yace babu, kina juyawa ya tsula a tsakiyar ɗaki yana kallonki, dole ranki ya ɓaci. Amma in kika daka masa tsawa ko kika make shi, abin da zai ɗauka shi ne yin fitsari a gaban Mama yana jawo duka, ba wai wurin ne ba daidai ba. Daga nan sai ya fara ɓoyewa, ya tafi bayan labule yayi, ko ya riƙe yaƙi yi a fo tunda kina tsaye a kansa. Ki tuna hadisin nan da ke cikin Bukhari da Muslim, na balaraben ƙauye da yayi fitsari a cikin masallaci sahabbai suka taso masa, Annabi (SAW) yace a ƙyale shi kar a katse masa, da ya gama aka masa bayani aka kuma zuba guga na ruwa a wurin. Babban mutum kenan a masallaci, ina ga ɗan shekara 2 a falonki. Ki ce "ayya ka jiƙe, fitsari a fo ake yi", ki kai shi ya ƙarasa, ki canza masa, ki wanke wurin da ruwa sosai tunda yaron da ya fara cin abinci fitsarinsa najasa ce sai an wanke. Yayyensa ma ki hana su dariya da kiransa ƙazami.

In kin yi kamar sati biyu babu ko alamar ci gaba, kullum kuka da sanƙarewa in ya ga fo, ki maida famfas ki huta wata ɗaya ko biyu ki sake gwadawa. Abin da ba'a so shi ne yau wando gobe famfas jibi wando, yaro ya rasa wanne ne doka.

Kashi yafi fitsari wuya

Yara maza da yawa zasu iya fitsari tsaf amma kashi sai a wando, ko yazo yace a sa masa famfas yayi. Mafi yawan lokuta taurin kashi ne a ƙasan maganar. Sau ɗaya yayi mai tauri yaji zafi, sai ya fara riƙewa, yana riƙewa hanji yana ƙara shanye ruwan kashin yana ƙara tauri, ranar da zai fito yafi na baya zafi, haka abin zai ta zagayawa. Zaki ganshi yana miƙewa akan yatsun ƙafa yana matse ɗuwawu yana jan jiki, ki ɗauka yunƙuri yake alhali hanawa yake. In abin ya daɗe har wani ruwa-ruwa yake zubowa ta gefen mai taurin ya ɓata wando ba tare da ya sani ba, uwa ta ɗauka gudawa ce ko iskanci ta hau duka.

Gyaran daga kwano yake farawa. Ruwa sosai, gwanda, kankana, lemu, mangwaro in lokacinsa ne, wake, miyar kuɓewa, alayyahu, zogale, a rage biskit da cincin da taliyar yara safe da dare, madara ma in tayi yawa tana cika masa ciki yaƙi cin sauran abinci. Ki zaunar da shi bayan karin safe kullum, ƙafarsa a ƙasa daram gwiwa ta ɗan fi ƙugu tsayi, ki ba shi balan-balan ko ki ce ya hura iska kamar yana fifita kunu, hakan yana taimaka masa turowa. In ya nace sai a famfas, ki yarda amma da sharaɗi a bandaki zai tsaya yayi, bayan kwana biyu ya zauna akan fo da famfas ɗin a jikinsa, daga baya ki kwance gefe ɗaya, har ki cire. In kashin yana fita da jini ko ya kwana uku huɗu bai yi ba ki kai shi asibiti, akwai maganin laushin kashi na yara, kar ki tura masa sabulu ko jiƙe-jiƙe.

Fita unguwa kuwa ki kai shi fo kafin ku fita, ki sa wando biyu da leda da gorar ruwa a jaka, kuna isa gidan biki ki fara tambayar bandaki kafin a fara gaishe-gaishe. In yana zuwa makarantar raino ki faɗa wa anti kalmar da yake amfani da ita da lokacinsa.

Dare daban yake

Riƙe fitsari cikin bacci ba koyarwa ake ba, jiki ne yake girma ya kai. Akwai sinadarin da jiki ke saki da dare yana rage yawan fitsari, sannan ƙwaƙwalwa ta iya tayar da yaro in mafitsara ta cika, wani yana samun wannan da wuri wani sai a hankali. Kusan yara 15 cikin 100 'yan shekara 5 suna fitsarin kwance, maza sun fi yawa, kuma yana bin jini, in aka bincika sau da yawa sai a tarar baba ko kawu ma yayi nasa zamanin, shiru kawai ake. Don haka famfas na dare ki barshi ko da ya daina na rana, sai kinga yana wayar gari a bushe kwanaki a jere. Ya rage shan ruwa awa ɗaya zuwa biyu kafin bacci, kar a ba shi ruwan shayi da lemon kwalba da dare, yayi fitsari kafin ya kwanta, fo da tocila a kusa da gado. Tayar da shi cikin dare zai cece miki katifa amma ba shi ke warkar da abin ba. Ita kuwa tsohuwar dabarar nan ta ɗora wa yaro jiƙaƙƙiyar tabarma a ka yara suna binsa suna kiransa amalala, ko a ɗaura masa kwaɗo a ƙugu, dan Allah a daina, wanda yake bacci bai san yayi ba balle ya fasa.

Akwai abubuwan da ba'a jira da su. In yana kuka ko cije baki lokacin fitsari, ko fitsarin yana wari sosai ga zazzaɓi, ko akwai jini. In fitsarin baya fita da ƙarfi sai ɗis-ɗis yana yunƙuri, ko siriri yake fita yana harba sama bayan kaciya, wannan matsalar yara maza ce kuma likita ne zai duba hanyar. In yana shan ruwa ba ƙaƙƙautawa yana yawan fitsari yana ramewa a gwada suga ranar, yara ma suna yi. Masu sikila sun fi sauran yara fitsarin kwance saboda ƙodarsu bata iya tattara fitsari sosai, su kam ba'a rage musu ruwa, ki tayar da maganar a kilinik ɗinsu. Yawan sosa dubura da dare a duba tsutsar ciki. Yaron da ya wuce shekara 4 har yanzu yana jiƙa wando da rana, ko wanda ya daina tsawon wata 6 kwatsam ya dawo yi, shima a kai shi, kuma ki duba ko wani abu ya canza masa a gida ko makaranta. In infekshan ake zargi kar ki tsaya kemis ki haɗo masa magani, a gwada fitsarin tukunna.